Jinkirin Juye da Yoyon Injin Mota: Ina Laifin Yake?

Jawabin da aka gabatar a zauren taron Ƙungiyar Ɗalibai, a daren tattaunawa kan kimiyya da zaman yau da kullum.



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau, wani zai ga kamar bai cancanci zauren jami'a ba, ya ce ai wannan zancen gareji ne. To, amma duk wanda ya san yadda albashin ƙaramin ma'aikaci yake, ya kuma san cewa bayan haya da cefane babu abin da ke lashe wannan albashi kamar mota, ba zai raina zancen ba. Da yawa daga cikinmu, in Allah ya sa mun gama lafiya mun sami aiki, babbar kadarar da za mu fara mallaka mota ce, kuma galibi ba sabuwa ba, wadda ta riga ta yi shekara 10 ko 15 a hannun wani a Turai ko Amurka kafin ta sauka Kwatano ko Legas. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin jinkirta juyen baƙin mai yana cikin abubuwan da ke kashe gasket da oyil sil, ko kuwa magana ce kawai ta makanikai da masu sayar da mai domin kasuwarsu ta gudana?

A ganinmu gardamar nan ta daɗe ne saboda ana kiran abubuwa daban-daban da suna guda. Inji gunduwa-gunduwa ne na ƙarfe da aka haɗa aka ɗaure da noti, kuma duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, komai sulɓinsu, sai an sa wani abu mai laushi a tsakani, in ba haka ba mai ya tsiyaye. Wanda ake sawa inda babu motsi shi ne gasket, kamar na murfin saman inji da na kaskon mai da ke ƙasa. Wanda ake sawa inda sandar ƙarfe ke juyawa ta leƙo waje daga cikin inji shi ne oyil sil. Sa'an nan ga babbansu, wanda ke kwance tsakanin kan silinda da gangar jikin inji, wanda makanikanmu ke kira tof gasket. Matsayinmu shi ne, jinkirin juye yana da babban hannu wajen kashe oyil sil da ƙananan gasket na roba, amma tof gasket makashinsa dabam ne, kuma wanda ya dora laifin a kan baƙin mai zai sake ƙona wani nan ba da daɗewa ba.

Bari mu fara da oyil sil, domin a nan ne hujja ta fi ƙarfi. Zobe ne na roba mai siririn leɓe, da ɗan ƙaramin sifirin a ciki da ke matse leɓen a jikin sandar da ke juyawa. Babbar sandar inji, watau karanshaf, idan mota na tafiya a kan titi, takan juya sau 3,000 a minti guda, sau 50 ke nan a daƙiƙa, sau 180,000 a awa. Duk wannan juyi leɓen robar nan yana dafe da ita. Abin da ya hana shi ƙonewa nan take shi ne wani ɗan shafen mai da ke tsakaninsu, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba ko kusa. Ashe ke nan ran oyil sil a hannun mai yake. In man yana da kyau, leɓen yana iyo ne a kansa; in ya lalace, leɓen yana gogar duk abin da ke cikinsa.

To, yaya mai ke lalacewa? Kowa a nan ya san man gyaɗan mai ƙosai da aka daɗe ana suya da shi: ya yi baƙi, ya yi kauri, ya bar ɗanko a jikin kasko wanda sai da toka da dutse yake fita. Zafi da iska ne suka yi masa haka, kuma su ne ke yi wa baƙin mai. A cikin inji mai lafiya zafin mai yakan tsaya wajen digiri 90 zuwa 110, kuma masana harhaɗa magunguna suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin wannan lalacewa. Bugu da ƙari, ba duka hayaƙin ƙonuwar fetur ke fita ta salansa ba. Wani yakan kurɗa ta gefen ringin fistin ya faɗa ƙasa inda mai yake, ya tafi da tururin ruwa da ɗanyen fetur da farar wuta. Kada a yi mamakin ruwa: kowace lita guda ta fetur da aka ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda. Ruwa kuwa in ya haɗu da farar wutar da ta ƙone, abin da ke fitowa ɗan'uwan ruwan batir ne. Wannan batu ya fi shafarmu bisa ga mutanen da aka ƙera motocin dominsu, gama a Tarayyar Turai tun 2009 doka ba ta yarda farar wuta ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali a Nijeriya kafin a sake ƙa'ida a 2017 an yarda da kashi 1,000 a fetur da kashi 3,000 a man gas.

Masu yin baƙin mai sun san da haka, shi ya sa suke zuba masa magunguna masu kashe kaifin asid da masu riƙe datti kada ya kwanta. Sai dai magungunan nan ƙarewa suke yi. Ranar da suka ƙare, mai ya koma yana cin abin da aka ce ya tsare. Robar da aka fi yin oyil sil da ita a da, kuma har yanzu ita ce a yawancin masu araha, ana kiranta naitiril, ba ta jure zafin da ya wuce digiri 100 zuwa 120 na tsawon lokaci. Masu tsada, irin su Viton, sukan kai wajen 200. Tsohon mai mai tsami yana busar da roba, ya mai da ita ƙandas kamar tsohon takalmin da ya kwana a rana, leɓen ya daina bin sanda, ya tsattsage. Duk makaniken da ya taɓa ciro gasket ɗin murfin sama ya ga yana kakkaryewa a hannunsa kamar busasshen ƙwaryar rogo, ya ga wannan aiki da idonsa. Lalle shekaru da zafi kaɗai ma za su kai roba ga wannan hali. Abin da jinkirin juye ke yi shi ne gaggauta ranar.

Ga kuma ƙura, wadda Allah ya hore mana. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da burjin hanyoyin ƙauyukanmu, suna ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen inji tauri. Filtar iska ce ke tare shi, amma mu da kanmu muke kai ta wurin mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi har ta huje, mu mayar muna murna mun yi tsimi. Abin da ya tsere ya shiga mai, filtar mai ce za ta kama. Amma a cikin filtar mai akwai wata 'yar ƙofa da aka yi da gangan: in filtar ta cushe, ƙofar sai ta buɗe, mai ya wuce ba tacewa, domin masu ƙira sun ga gara mai mai datti da babu mai sam. Direba ba zai ga wata fitila ta kama ba. Daga ranar yashi yana zagayawa, yana maƙalewa a ƙarƙashin leɓen oyil sil, yana sassaƙa wani ɗan kwari a jikin karanshaf. Wannan ne dalilin da ya sa wani zai sa sabon oyil sil, bayan wata biyu yoyo ya dawo, ya ce an sayar masa da jabu a kasuwa. Wataƙila jabun ne, amma sau da yawa sandar ce ta riga ta ci.

Hanyar da muke so mu fi tsayawa a kanta ita ce wadda aka fi mantawa da ita, watau numfashin inji. Hayaƙin nan da muka ce yana kurɗawa ƙasa, dole a ba shi mafita. Saboda haka aka yi masa wani ɗan bawul da tiyo da ke zuƙe shi ya mai da shi cikin inji ya sake ƙonewa. Masu ƙira suna taƙaita sunansa da haruffa uku, PCV. Idan mai ya tsufa ƙwarai yakan rikiɗe ya zama baƙin laka mai kama da narkakkiyar kwalta, kuma wurin da lakar ke fara toshewa shi ne wannan ɗan bawul da ƙananan ramukan da mai ke bi ya gangaro daga saman inji. In numfashi ya toshe, iska ta cika cikin inji, kuma ba ta da inda za ta bi sai inda ya fi rauni. Oyil sil an yi shi ne don ya tare fantsamar mai, ba a yi shi don ya riƙe iska mai turi ba. Nan za ka ga mai yana fitowa gaba da baya da sama a lokaci guda, wani sa'in har geji ya yi tsalle daga mazauninsa. Mai mota ya sake oyil sil na baya, wanda shi kansa ba shi da tsada amma sai an sauke giya kafin a kai gare shi, ya biya kuɗin aiki mai yawa, alhali ɗan bawul ɗin da ya jawo masifar yana nan a toshe ba wanda ya duba shi.

Wannan ba zato ba ne, an yi shari'a a kansa. A Amurka, masu motocin Toyota da aka ƙera tsakanin 1997 da 2002, masu inji mai silinda huɗu na lita 2.2 da mai silinda shida na lita 3, irin su Camry da Sienna da Avalon, sun yi ta kuka cewa injinsu yana cika da baƙin laka har ya tsaya. Kamfanin ya ce laifin masu mota ne da ba sa juye a kan kari. Masu mota suka ce ƙirar injin ce ke dafa mai. Littafin motar a lokacin ya yarda a kai mil 7,500, kusan kilomita 12,000, a tuƙi na yau da kullum, da mil 5,000, watau kilomita 8,000, a tuƙi mai wahala. A 2002 kamfanin ya ɗauki nauyin gyaran irin wannan ɓarna har tsawon shekara 8 daga ranar saye, a motoci fiye da miliyan 3, daga baya ya mai da wa'adin juye mil 5,000 ga kowa, aka kuma sasanta ƙarar taron dangi a 2007. Mu dai abin da muka fahimta shi ne kowane ɓangare yana da rabin gaskiya: injin da ke da zafin ciki ba ya yafe jinkirin da wani injin zai yafe. Kuma kada mu manta ina motocin suka ƙare. Su ne Camry da Sienna da suka cika tashoshinmu da harabar sakatariyoyinmu, kuma babu wanda ya miƙo mana takardar juyensu tare da makulli.

Yanzu sai tof gasket. Aikinsa ya sha bamban da na sauran. Shi ne ke riƙe fashewar wuta a cikin silinda, wadda turinta yakan kai ninki 50 na nauyin iskar da muke shaƙa, alhali turin famfon mai bai cika wuce ninki 5 ba. A da ana yin sa da asbestos da aka naɗe bakinsa da ƙarfe, a yawancin injinan zamani kuwa siraran faifan ƙarfe ne aka jera. Mai ba ya taɓa shi sai a 'yan ramukan da yake ratsawa. Tsohon mai ba shi da abin da zai yi wa faifan ƙarfe da aka matse da manyan noti goma. Abin da ke kashe shi zafi ne. Kan silinda galibi na alminiyom ne, gangar jiki kuwa a injina da yawa baƙin ƙarfe ce, kuma alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. In allurar zafi ta haura ja sau ɗaya tak aka ci gaba da tafiya, kan silinda yana iya lanƙwashewa, daga nan gasket ya rasa matsi, wuta ta sami hanya.

Me ke kawo wannan zafi? Lagireto da ya toshe da tsatsa da kanwar ruwan rijiya, domin mun ɗauka ruwan lagireto na kanti ado ne, alhali shi ne ke hana tsatsa. Murfin lagireto da ya saki, wanda in yana da lafiya yakan sa ruwa ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa maimakon 100. Fanka da ta mutu, fanbel da ya tsinke, tiyo da ya fashe a hanyar Gusau zuwa Sakkwato a tsakiyar bazara. Sa'an nan akwai hannun mutum: ɗaure notin kan silinda da ƙarfin damtse kawai, ba tare da sifana mai awo ba, ba tare da bin jerin da littafi ya tsara ba. Wasu injinan kuma daga masana'anta suka zo da raunin, kamar na Subaru mai lita 2.5 na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, wanda ya yi suna wajen cin gasket har a hannun masu kula da juye.

Ba mu ce babu dangantaka ko kaɗan ba. Mai yana ɗauke wani kaso na zafin inji, don haka injin da man ya ƙafe ta hanyar yoyo, ko laka ta toshe hanyoyinsa, zai fi zafi. Amma kafin wannan ya kai ga tof gasket, galibi metal ya riga ya ci, inji ya buga. Dangantakar da ta fi faruwa ma a juye take: gasket ne ke fara ƙonewa, ruwa ya shiga mai, a zaro geji a ga abu kamar shayi da madara.

A nan ya kamata mu ɗan ratsa mu taɓo wata al'ada ta garejinmu. Da zarar mota ta sauka, sai a ce a cire mata tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Aikin tamostat shi ne ya sa inji ya yi saurin kai zafin da ya dace, wajen digiri 80 zuwa 90, ya tsaya a nan. In an cire shi, ma'aikacin da ke tafiyar kilomita 4 daga gida zuwa ofis da sanyin safiyar Janairu ba zai taɓa dumama mansa ba, ruwa da ɗanyen fetur ɗin da ya kamata su tashi su fita sai su zauna, su zama lakar da muka yi bayani. Watau an cire shi don a ceci tof gasket, an ɓuge da kashe oyil sil.

Akwai hujja guda da masu jinkiri ke kawowa wadda ya dace mu ba ta haƙƙinta. Sukan ce, motata ba ta yoyo sai da na yi juye na zuba sabon mai mai tsada. Abin yana faruwa, ba ƙarya suke yi ba. Roba ta riga ta bushe ta tsage, laka ce ta liƙe tsagar. Sabon mai da maganin wankinsa ya wanke lakar, ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Camfin cewa man sintetik yana cin roba kuwa yana da asali a shekarun 1970, lokacin da irin wannan mai ya fara shiga kasuwa, wasu nau'o'insa suna tsuke roba. An daɗe da gyara wannan, kuma gwajin jituwa da roba yana cikin sharuɗɗan da mai ke cikawa kafin ya sami lambar inganci irin su API SN ta 2010 da SP ta 2020. Abin tsoro a wurinmu shi ne man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, da wanda aka ɗura a jarkar da ba tasa ba. Wanda ke juye kowane wata da irin wannan mai bai fi mai jinkiri da komai ba. Haka kuma gudun yoyo ta hanyar zuba mai mai kauri irin 20W-50 a injin da littafinsa ya ce 5W-30, ko cika mai ya haura alamar geji, ko shafe ko'ina da gam har guntayensa su faɗa ciki su toshe rariyar famfon mai, duk ɗinkin ɓaraka ne da ke buɗe wata.

To, yaushe ya kamata a yi juye? Tsohuwar ƙa'ida, wadda iyayenmu suka bi tun zamanin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ita ce kilomita 5,000 ko wata uku. Injina da mai sun ci gaba, littattafan motocin yanzu suna ba da 10,000 zuwa 15,000, wasu na Turai har 30,000 ko shekara biyu. Amma duk wanda ya buɗe littafin zai tarar da jadawali na biyu, na abin da suka kira tuƙi mai wahala: hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye, tsayuwa da inji a kunne, zafi mai tsanani, ɗaukar kaya. A karanta wannan jeri, a gaya mana wanne ne bai shafi motar da ke zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Bata da rana tsaka ba. Jadawali na biyu galibi rabin na farko ne, kuma shi ne namu. Ga mai na gargajiya, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, bai yi yawa ba. Ga sintetik na gaske ana iya ƙarawa gwargwadon abin da jadawalin ya ce, tare da sabuwar filta kowane karo. A kuma lura da abu biyu. Agogon motar da ta fito Amurka mil yake ƙirgawa, mil guda kuwa kilomita 1.6 ne, don haka wanda ya jira agogo ya nuna 5,000 ya riga ya yi kilomita 8,000. Kuma awa guda da aka yi a cunkoso da na'urar sanyi a kunne, agogo bai san da ita ba, amma mai ya sani.

Ga 'yan'uwanmu da ke shirin zuwa sayen mota, kafin a saurari daɗin bakin dillali a buɗe murfin da ake zuba mai, a haska tocila ciki. Ƙarfe mai launin zuma alama ce ta an kula. Baƙin ɗanko da ya daskare a murfi yana nufin robobin injin duka sun sha irin wannan mai, kuma a sa kuɗin canza su a cikin ciniki. A tayar da inji da sanyin safiya a dubi salansa: shuɗin hayaƙi da ke fita a tashin farko ya ɓace, ƙananan robobin bawul ne suka bushe, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, tare da kumfa a lagireto, wannan tof gasket ne. In kuwa aka tarar an wanke injin tas yana ƙyalli har ƙasa, sai a nemi a zagaya da motar na rabin awa, a ajiye ta a kan busasshen siminti, a dawo a duba ƙarƙashinta kafin a biya ko kwabo.